Centaurus A

Centaurus A, wanda kuma ake kira NGC 5128, wani ƙaton galaksi ne da ke cikin rukunin taurari na Centaurus a sararin samaniyar kudu. Galaksi shi ne tarin biliyoyin taurari da iskar gas da ƙura waɗanda ƙarfin nauyi ya ɗaure wuri guda, kamar Milky Way da Ranarmu take ciki. Nisan Centaurus A daga Duniya kimanin shekarun haske miliyan 12 ne, kuma shi ne na biyar a haske cikin galaksoshin da ake gani daga doron ƙasa. An san shi da wata baƙar ɗamara ta ƙura da ta ratsa tsakiyarsa, ta raba shi gida biyu.

Masana falaki suna sanya shi cikin galaksoshi masu aiki, wato waɗanda cibiyarsu ke fitar da makamashi mai yawan da taurari kaɗai ba za su iya samarwa ba. A tsakiyarsa akwai baƙin rami mai nauyin Rana kimanin sau miliyan 55, kuma daga kewayen wannan rami ne wani feshi mai tsananin gudu yake fita ta ɓangarori biyu. Cikin galaksoshin da ke fitar da igiyoyin rediyo masu ƙarfi, babu wanda ya kai shi kusa da mu. Wannan kusanci ne ya sa ya zama zakaran gwajin dafi: abin da ake hasashe game da takwarorinsa na nesa, a jikinsa ake zuwa a duba ko haka ne. An nazarce shi da kusan kowane nau'in haske, tun daga rediyo har zuwa gamma, kuma kowanne ya nuna wata siffa dabam da wadda ido yake gani.

Suna da matsayi a sama

Sunan NGC 5128 lamba ce a cikin babban kundin abubuwan sama da John Dreyer ya wallafa a 1888. Sunan Centaurus A kuwa daga masu nazarin rediyo ya fito. Al'adarsu a farkon wannan fanni ita ce su kira tushen rediyo da sunan rukunin taurarin da yake ciki, su ƙara harafin A ga wanda aka fara ganowa, wanda galibi shi ne mafi ƙarfi. Haka aka samu Cygnus A da Virgo A da Taurus A. A kundin galaksoshi masu baƙuwar siffa da Halton Arp ya fitar a 1966, lambarsa 153.

Galaksin yana digiri 43 kudu da tsakiyar sama, wato layin da ke saman Ikwaita. Saboda haka wanda yake arewa da layin digiri 47, kamar mazauna Landan ko Balin, ba zai taɓa ganin ya fito ba. A kudancin Ostireliya da Afirka ta Kudu da Chile kuwa kusan ta saman kai yake wucewa, shi ya sa yawancin tarihin bincikensa a can aka yi shi. Faɗin ɓangarensa mai haske a sama ya ɗan gaza na cikakken wata.

Tarihin lura da shi

James Dunlop, ɗan ƙasar Sukotilan, shi ya fara rubuta shi a 1826, lokacin da yake bin sararin kudu da wata na'urar hangen nesa mai madubi na kimanin santimita 23 a Parramatta, kusa da Sidni. Bayansa John Herschel, wanda ya zauna a Cape ta Afirka ta Kudu daga 1834 zuwa 1838, ya sake kallonsa da na'ura mafi girma. A sakamakon da ya wallafa a 1847 ya siffanta shi a matsayin ɓari biyu masu haske da wata faffaɗar baƙar hanya ta raba. Daga nan aka shafe kusan shekara ɗari ba a ƙara sanin wani abin kirki a kansa ba. Yawancin manyan na'urorin wancan zamani a arewacin duniya suke, kuma ba a ma daidaita kan ko abin yana cikin galaksinmu ne ko waje ba.

Sauyi ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga hannun injiniyoyin da suka koyi aikin rada a lokacin yaƙi. A Dover Heights, wani tsauni da ke bakin teku a Sidni, John Bolton da Gordon Stanley da Bruce Slee sun kafa eriya tana fuskantar ruwa. Matsalar rediyo a lokacin ita ce eriya ɗaya tana jin sigina, amma ba ta iya nuna takamaiman inda ta fito. Dabarar da suka yi amfani da ita ita ce su bar teku ya zama madubi. Idan tushen rediyo yana fitowa daga gabas, igiyarsa tana iso wa eriya ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ta bugi fuskar ruwa ta dawo. Igiyoyin biyu suna haɗuwa, wani lokaci su ƙara wa juna ƙarfi, wani lokaci su kashe juna, kuma daga tsarin wannan hawa da sauka ake lissafa matsayin tushen. A 1948 Bolton da Stanley sun ɗauki kayansu zuwa New Zealand, inda suka samu tsaunuka mafi tsawo, wasu na kallon gabas wasu yamma, don su auna fitowar tushen da faɗuwarsa.

A 1949 suka wallafa a mujallar Nature cewa uku daga cikin tushen da suka auna sun dace da abubuwan da aka riga aka sani da ido: Taurus A da ragowar tauraron da ya fashe da ake kira Crab, Virgo A da galaksin M87, sannan Centaurus A da NGC 5128. Wani abin lura shi ne su kansu ba su yarda da girman abin da suka gano ba. Idan har waɗannan biyun na ƙarshe galaksoshi ne na waje, to ƙarfin rediyon da suke fitarwa ya wuce duk abin da hankali zai ɗauka a lokacin, don haka a takardar suka karkata ga cewa wataƙila a cikin galaksinmu suke. Ba a daɗe ba aka tabbatar da cewa na waje ne, ƙarfin nan kuma gaskiya ne.

A 1954 Walter Baade da Rudolph Minkowski suka ɗauki hotonsa da na'urar Palomar mai madubin mita 5 a Kalifoniya, duk da cewa daga can bai fi digiri 14 yake ɗagowa daga ƙasa ba. Su ne suka kawo ra'ayin cewa baƙuwar siffarsa sakamakon haɗuwar galaksoshi biyu ce. A 1970 wata roka da aka harba sama da iskar Duniya ta gano yana fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kuma a ƙarshen shekarun 1970 tauraron ɗan adam mai suna Einstein ya nuna cewa feshin da ke fitowa daga cibiyar ma yana haskawa da eksire.

Siffa da ɗamarar ƙura

Galaksoshi manya iri biyu ne a taƙaice. Akwai masu siffar faifai da murɗaɗɗun hannuwa, cike da gas da ƙura, inda ake ci gaba da haihuwar sababbin taurari. Akwai kuma masu siffar ƙwai, waɗanda taurarinsu tsofaffi ne masu ja-ja, kuma gas ɗinsu ya kusa ƙarewa. Centaurus A ya haɗa biyun. Gangar jikinsa irin ta mai siffar ƙwai ce, amma ga faifan ƙura da gas mai kauri ya gitta shi, kuma a gefen wannan faifai akwai dunƙulallen matasan taurari masu shuɗin haske da gajimaren gas mai ja da suka hura wa wuta. Har yau kundaye ba su daidaita kan ajin da za a sa shi ba; wasu na cewa mai siffar ƙwai ne, wasu na sa shi a tsakanin ajin biyu, amma duk sun haɗu a kan ƙara masa alamar baƙon abu.

Bayanin da ya fi samun karɓuwa shi ne wanda Baade da Minkowski suka fara: babban galaksi ya haɗiye wani mai faifai, ƙurar da ake gani kuma ragowar wanda aka haɗiye ce. Hujjojin sun taru daga wurare da dama. Faifan ƙurar yana juyawa da sauri, alhali taurarin gangar jikin a hankali suke juyawa, kuma ba ta fuska ɗaya da shi ba. Faifan ba a miƙe yake ba, a karkace yake kamar faifan da ruwa ya jiƙa ya bushe, alamar bai gama zama ba. A 1983 David Malin da abokan aikinsa, ta hanyar wata dabarar fito da dusashen haske daga hoto, suka nuna wasu siraran bakuna na taurari da suka kewaye galaksin daga nesa, ɗaya bayan ɗaya kamar ɓawon albasa. Lissafin kwamfuta ya nuna cewa irin waɗannan bakuna suna samuwa ne idan taurarin ƙaramin galaksi suka tarwatse suna kai da kawowa a cikin babba. Game da lokacin haɗuwar kuwa, ƙiyasi ya bambanta, daga shekaru miliyan ɗaruruwa zuwa kusan biliyan biyu, gwargwadon girman da aka ɗauka wa galaksin da aka haɗiye.

Ƙura tana tare hasken da ido ke gani, amma hasken infared yana ratsa ta, ita kanta ƙurar mai ɗumi kuma da infared take haskawa. Da na'urar Spitzer ta hukumar NASA ta kalle shi, sai ƙurar ta bayyana a siffar wani karkataccen murabba'i mai tsawo a tsakiyar galaksin. Wannan siffa ba wani gini ba ne. Haka lanƙwasasshen faifai yake bayyana idan aka kalle shi ta kusan gefensa, inda ninkinsa ke hawa kan juna.

Baƙin rami da feshi

Ba a ganin cibiyar Centaurus A da hasken ido ko kaɗan, domin ɗamarar ƙura ta rufe ta. Da infared aka auna ta. Masana sun yi amfani da manyan na'urorin Turai da ke Paranal a Chile suka auna gudun gas da na taurari da ke kusa da cibiyar. Gwargwadon nauyin abin da ke tsakiya, gwargwadon saurin abin da ke zagaya shi, kuma hanyoyin biyu sun ba da sakamako mai kusanci, wajen nauyin Rana miliyan 45 zuwa 55. Wannan ya ninka baƙin ramin da ke tsakiyar Milky Way, mai nauyin Rana miliyan 4, fiye da sau goma, amma bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na wanda ke M87 ba, mai nauyin Rana biliyan 6.5. Daga tsakiyar ramin Centaurus A zuwa iyakar da haske ba ya iya kuɓuta, kimanin kilomita miliyan 160 ne, wato kaɗan ya ɗara tazarar da ke tsakanin Duniya da Rana.

Baƙin rami shi kansa ba ya haske. Abin da ke haske shi ne gas ɗin da ke gangarowa zuwa gare shi. Gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye, zagayawa yake yi ya zama faifai, yana gogar juna yana zafi har ya kai ga fitar da eksire. Wani kaso daga cikinsa kuma ba ya shiga ramin sam: filin maganaɗisu da ya nannaɗe a wurin yana tattara shi ya harba shi waje ta sama da ƙasan faifan, a siraran hanyoyi biyu. Wannan shi ne feshin. A cikinsa akwai ƙwayoyin elektiron masu gudu kusa da na haske, kuma duk lokacin da maganaɗisu ya lanƙwasa tafiyarsu sai su saki haske, daga rediyo har eksire. Haɗuwar galaksoshin nan da aka ambata ita ce, a ganin masana da yawa, ta kawo wa ramin abincin da yake ci yanzu. Baƙin ramin galaksinmu shiru yake saboda babu abin da ke isa gare shi mai yawa.

Feshin da ya nufi arewa maso gabas ya fi na kudu maso yamma haske nesa ba kusa ba. Dalilin ba wai ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ba ne. Abin da ke gudu kusa da saurin haske yana tattara haskensa ta gabansa, saboda haka wanda ya karkato wajenmu yakan ƙara haske, wanda ya ba mu baya kuma ya dusashe. Ta hanyar kwatanta hotunan rediyo na shekaru daban-daban, an ga wasu ƙulle-ƙulle a cikin feshin suna matsawa da kusan rabin saurin haske. Irin wannan awo yana yiwuwa ne kawai saboda kusancin galaksin. A Cygnus A, mai nisan fiye da shekarun haske miliyan 700, motsi iri ɗaya zai yi ƙanƙanta sau sittin a ido. Na'urar Chandra, wadda aka harba a 1999, ta nuna feshin dalla-dalla da eksire, tare da ɗaruruwan ɗigo masu haske a warwatse cikin galaksin, yawancinsu taurari biyu ne da ɗaya ke zuƙar gas daga ɗan'uwansa.

Inda feshin ya ci karo da gas ɗin da ke kewaye, yakan rage gudu ya kumbura ya zama gajimaren rediyo. Akwai gajimare na ciki guda biyu, kowanne kimanin shekarun haske 16,000 daga cibiya, akwai na tsakiya a ɓangaren arewa kaɗai, sannan akwai manya biyu na waje. Waɗannan na waje sun miƙa digiri 8 zuwa 9 a sama, wato tsawon cikakken wata goma sha shida an jera su, kuma a zahiri sun haura shekarun haske miliyan ɗaya da rabi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da idon ɗan adam yana ganin rediyo, da Centaurus A yana cikin abubuwa mafi girma a sararin dare, galaksin da ake gani da na'ura kuma ɗan ɗigo ne kawai a tsakiyarsa. Girman nan ma wahala ne ga masu bincike, domin na'urar rediyo ba ta iya ɗauke shi a kallo ɗaya. Hoton da masana a Ostireliya suka fitar a 2011 sai da suka haɗa ɗaruruwan kallo daga jerin eriyoyin da ke Narrabri da kuma babban faranti mai faɗin mita 64 na Parkes.

A arewa maso gabas, a kan hanyar feshin, akwai wasu zare-zaren gas masu haske da aka gano a 1975 daga Cerro Tololo a Chile, kuma a jikinsu akwai matasan taurari. Ana ɗaukar wannan a matsayin ɗaya daga cikin misalan da suka fi bayyana na cewa feshi yana iya matse gas har ya haifi taurari. A wasu galaksoshin kuwa aikinsa akasin haka ne, yana zafafa gas ya hana shi dunƙulewa. Wanne ne ya fi rinjaye, kuma a wane yanayi, yana cikin manyan tambayoyin da ake son amsawa game da yadda galaksoshi ke girma.

A Yulin 2021 ƙungiyar Event Horizon Telescope, wadda ta fitar da hoton inuwar baƙin ramin M87 a 2019, ta wallafa hoton tushen feshin Centaurus A daga bayanan da ta tattara a 2017. Ƙungiyar tana haɗa na'urorin rediyo da ke nahiyoyi daban-daban ne su yi aiki tamkar faranti ɗaya mai faɗin Duniya. Hoton ya fi waɗanda suka gabace shi kaifi sau 16, har ana bambance abubuwan da tazararsu ba ta kai tafiyar haske ta yini guda ba. Abin da ya fito fili shi ne gefunan feshin sun fi tsakiyarsa haske, kamar bututu. An ga irin haka a M87, wanda raminsa ya ninka wannan fiye da sau ɗari, kuma hakan ya ƙarfafa ra'ayin cewa hanyar harba feshi ɗaya ce ko ramin babba ne ko ƙarami. Inuwar ramin kanta ba ta fito ba; ta yi ƙanƙanta ga tsawon igiyar da aka yi aiki da ita.

Gamma da ƙwayoyi masu ƙarfi

A 2009 na'urorin H.E.S.S. da ke Namibiya suka tabbatar da cewa Centaurus A yana fitar da hasken gamma mai matuƙar ƙarfi. A 2010 tauraron ɗan adam Fermi ya gano gamma daga manyan gajimaren waje su kansu. Bayanin shi ne elektiron masu gudu a cikin gajimaren suna karo da raunanan hasken da ya cika sararin samaniya tun farkon halittarta, su ba shi ƙarfi har ya koma gamma.

Akwai kuma batun ƙwayoyin da ke faɗo wa Duniya daga sama da ƙarfin da ya wuce na duk wata na'urar da ɗan adam ya ƙera. Cibiyar Pierre Auger da ke Ajantina, wadda ta baza na'urorinta a fili mai faɗin murabba'in kilomita 3,000, ta ba da rahoto tun 2007 cewa ana samun ɗan rinjayen irin waɗannan ƙwayoyi daga sashen saman da Centaurus A yake. Maganar ba ta yanke ba. Ƙwayoyin suna ɗauke da cajin lantarki, saboda haka maganaɗisun da ke hanya yana karkatar da su, kuma a wannan sashe na sama akwai wasu galaksoshin da su ma za a iya zarga.

Nisa da maƙwabta

An daɗe ana saɓani kan nisansa, kuma saɓanin yana da muhimmanci, domin girman gajimaren da ƙarfin feshin da nauyin ramin duk a kan nisa ake lissafa su. Ƙura ce babbar matsala: tana dusashe taurari, su yi kamar sun fi nisa. Awon da aka yi da taurarin Cepheid, waɗanda haskensu ke hawa da sauka a kan ƙa'ida, ya ba da kimanin shekarun haske miliyan 11. Wasu hanyoyin, musamman auna hasken tsofaffin jajayen taurari da ke bayan gari inda babu ƙura, sun ba da wajen miliyan 12, kuma wannan adadi ne aka fi amfani da shi yanzu. Shekarar haske ɗaya kusan kilomita tiriliyan 9.5 ce.

An ga fashewar tauraro sau biyu a cikinsa. Ta farko a watan Mayun 1986, kuma wanda ya gano ta Robert Evans ne, wani limamin coci a Ostireliya da ya haddace siffofin galaksoshi masu yawa, yana bin su da ido ta ƙaramar na'urarsa yana neman sabon ɗigo. An sa mata suna SN 1986G, kuma a cikin ɗamarar ƙurar ta bayyana. Ta biyu, SN 2016adj, a Fabrairun 2016 aka gan ta, ita ma masu sha'awa ne suka gano ta daga bayan gidajensu.

Centaurus A shi ne babba a wani rukunin galaksoshi da ke maƙwabtaka da namu, tare da M83. Yana da dunƙulen tsofaffin taurari fiye da dubu, alhali na Milky Way da aka sani ba su wuce 160 ba sosai. Yana kuma da ƙananan galaksoshi masu zagaya shi. A 2018 wani bincike da Oliver Müller na Jami'ar Basel ya jagoranta ya nuna cewa da yawansu a shimfiɗe suke a fili ɗaya, kuma 14 cikin 16 da aka auna gudunsu suna nuna alamar juyawa ta fuska guda. Lissafin kwamfuta da aka gina kan ra'ayin da ake bi game da samuwar galaksoshi yana hasashen a same su a warwatse ko'ina. An riga an ga irin wannan tsari a kewayen Milky Way da Andromeda, sai aka ce wataƙila dace ne. Samunsa a karo na uku ya sa wannan amsa ta yi rauni, ko da yake muhawarar tana nan.

Yadda ake kallonsa

Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ake iya ganinsa ba tare da wahala ba. Daga Kano, a lokacin da ya kai ƙololuwarsa, yana digiri 35 sama da ƙasa ta kudu sak. A Sakkwato da Damagaram ya ɗan gaza haka da digiri ɗaya ko biyu, a Kaduna ya ɗan ɗara, a Akkara kuma ya haura 40. Yana kai wannan matsayi wajen ƙarfe huɗu na asuba a tsakiyar Fabrairu, tsakar dare a tsakiyar Afrilu, wajen goma na dare a tsakiyar Mayu, sannan jim kaɗan bayan isha'i a Yuni. Awa biyu kafin wannan lokaci da awa biyu bayansa duk yana da tsawon da ya isa a kalle shi.

Yanayi ne ke takura mai kallo. Hazon hunturu yana kashe dusashen haske irin na galaksi, musamman a ƙasa-ƙasa inda hasken ke ratsa iska mai kauri, damina kuma tana kawo hadari. Dare mafi kyau shi ne wanda ya biyo bayan ruwan farko a Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya kwantar da ƙura, gari ya washe. Dole ne kuma a kauce wa farin wata. Ga mai kallo da farkon dare, kwanakin da suka dace su ne daga wajen ashirin ga watan Musulunci, lokacin da wata ke jinkirin fitowa, zuwa kwana biyu ko uku na sabon wata. Hasken fitilun birni yana ɓata komai, don haka ƙauye ko bayan gari ya fi, inda babu gari mai lantarki ta kudu.

Hanya mafi sauƙi ta nemo shi ita ce ta tauraron Spica, wanda littattafan Larabci ke kira Simak, wani farin tauraro mai haske da ke shi kaɗai a sashensa. Spica da Centaurus A kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, saboda haka suna kai ƙololuwa tare. Idan Spica ya daidaita a kudu, sai a sauko daga gare shi kai tsaye zuwa ƙasa digiri 36, wato kimanin dunƙulen hannu uku da rabi idan an miƙe hannu. A nan za a ga wani abu kamar tauraro mai hazo-hazo, shi ne Omega Centauri, dunƙulen taurari mafi girma a galaksinmu, wanda ake gani da ido a wuri mai duhu. Daga shi sai a koma sama digiri huɗu da rabi, ƙasa da rabin dunƙulen hannu. Wata hanyar ita ce a fara daga taurari biyu masu haske da ke gabas da Gicciyen Kudu, a bi daga na yamma a cikinsu, Hadar, ta kan Epsilon Centauri zuwa Omega.

Da madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, irin 7x50 ko 10x50, Centaurus A yana bayyana kamar ɗan zagayayyen tabo mai dusashen haske. Bai kamata a yi tsammanin abin da ke cikin hotuna ba, domin waɗannan an tara haskensu ne na tsawon sa'o'i, kuma launukan rediyo da eksire da ke cikinsu ƙirƙira aka yi don a bambance su. Da na'ura mai madubin santimita 10 zuwa 15 ake fara ganin ɗamarar ƙura a matsayin baƙin layi da ya raba tabon biyu, ɓarin kudu ya ɗan fi na arewa girma da haske. Da santimita 25 ko fiye, ɗamarar takan nuna faɗinta bai zama ɗaya ba, har a hango wani siririn haske a cikinta, abin da Herschel ya riga ya lura da shi. Taurarin da ake gani a kan fuskarsa duk na galaksinmu ne da suka faɗo a kan hanya.

Ido yana buƙatar minti ashirin zuwa talatin a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallon allon waya sau ɗaya yana mayar da aikin baya. Yana kuma taimakawa a kalli ɗan gefen abin maimakon tsakiyarsa, domin gefen ƙwayar ido ya fi jin raunanan haske. A cikin madubin hannu mai faɗin kallo ana iya samun Omega Centauri da Centaurus A a fili ɗaya, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Na ƙasan yana nisan shekarun haske kimanin 17,000, na saman kuma ya ninka shi nisa sau ɗari bakwai.